Tiyatar Zoben Tumbi Don Rage Ƙiba: Hukuncinta da Sharuɗɗanta a Mahangar Fiƙihu, Tare da Duba Halin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin wata tiyata da ake yi wa masu matsananciyar ƙiba, wadda a cikinta ake ɗaura zobe a saman tumbi domin rage yawan abincin da mutum ke iya ci. An fayyace yadda aikin yake a likitance, sannan aka auna shi da ƙa'idojin fiƙihu da matsayar Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya. Maƙalar ta nuna cewa sharaɗin amintuwa daga cuta, wanda halaccin aikin ya rataya a kansa, yana ci gaba har bayan an fito daga ɗakin tiyata, domin mai zobe yana buƙatar likita muddin zoben na jikinsa. Saboda haka fatawar da ta dace da mazaunin Abuja ba lalle ne ta dace da mazaunin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ba.

1.0 Gabatarwa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah wanda Ya ƙagi ɗan Adam a mafi kyawun tsari. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

A ƙasar Hausa an daɗe ana kallon ƙiba a matsayin shaidar wadata da kwanciyar hankali. Idan amarya ta yi jiki sai a yaba wa angonta, idan magidanci ya ajiye tumbi sai a ce ya samu. Wannan fahimta ce ta sa wasu mata ke shan ƙwayoyin sa ƙiba da aka fi sani da “sha ka fashe”, duk da illarsu. Amma yawaitar ciwon sukari da hawan jini a tsakanin 'yan kasuwa da ma'aikata da matan aure ta fara sauya tunanin jama'a. A yau akan sami masu hali da ke zuwa Abuja ko Legas, ko su ƙetara Masar ko Indiya ko Turkiyya, domin a yi musu tiyatar rage ƙiba. Kafin su tafi, ko bayan sun dawo, malami suke nema su tambaya: shin ya halatta? Yaya azumina? Yaya tsarkina?

Amsa irin wannan tambaya tana buƙatar malami ya san haƙiƙanin abin da ake tambayarsa, domin malaman usulu sun tabbatar da cewa hukunta abu reshe ne na fahimtar surarsa. Don haka za a fara da bayanin likitanci kafin a shiga hukunci.

2.0 Ƙibar da Likitoci Suke Kira Cuta

Likitoci suna auna ƙiba da wani ma'auni da suke taƙaita sunansa da BMI. Ana ninka tsawon mutum a mita da kansa, sannan a raba nauyinsa a kilo da abin da aka samu. Misali, mai tsawon mita 1.65 da nauyin kilo 110, ma'auninsa ya ɗan haura 40. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya 25 a matsayin farkon nauyin da ya wuce kima, 30 kuma farkon ƙibar da ake lissafawa cikin cututtuka. Hukumar ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da irin wannan ƙiba.

Ba duk mai ƙiba ake yi wa tiyata ba. A shekarar 1991 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka sun iyakance ta ga wanda ma'auninsa ya kai 40, ko wanda ya kai 35 tare da wata cuta da ƙibar ta jawo, kamar ciwon sukari ko hawan jini ko ɗaukewar numfashi a cikin barci. A shekarar 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta, suka mayar da shi 35 ko da babu wata cuta, da kuma 30 ga mai ciwon sukari da makamantansa idan magani bai wadatar ba. Waɗannan alƙaluma suna da amfani ga mai fatawa, domin su ne ke raba mai neman magani da mai neman ado.

3.0 Yadda Zoben Yake da Tarihinsa

Zoben tumbi wani ɗan ɗamara ne na silikon wanda cikinsa ke da balan-balan. Likita yana huda ciki a 'yan wurare ƙanana, ya shigar da na'urar hangen ciki, sannan ya zagaye saman tumbi da zoben. Da haka sai a sami ɗan aljihu a sama wanda bai fi girman ƙwan kaza ba, da 'yar ƙofa da abinci ke bi a hankali zuwa sauran tumbin. Daga zoben akwai siririn bututu da ya haɗu da wata 'yar ma'ajiya da ake binnewa a ƙarƙashin fatar ciki. Ta nan ne likita ke sa allura ya ƙara ruwan gishiri na asibiti domin zoben ya matse, ko ya zuƙe ruwan domin ya saki. Ba a yanke komai daga tumbi ko hanji, kuma ana iya cire zoben.

An fara amfani da zoben da ake iya matsewa da sassautawa a tsakiyar shekarun 1980, ta hannun likita Lubomyr Kuzmak a Amurka da wasu likitoci a ƙasar Suwidin. A shekarar 1993 likita Mitiku Belachew, haifaffen ƙasar Habasha, ya dasa shi ta hanyar ƙananan huda a ƙasar Beljiyam. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurin Lap-Band a 2001, kuma zuwa 2011 kimanin kashi 35 cikin 100 na tiyatar ƙiba a Amurka ta zobe ce. Kafin shekarar 2020 adadin ya faɗo zuwa kusan kashi 1 cikin 100. Likitoci sun karkata ga wasu hanyoyi biyu: yanke mafi yawan tumbi a bar shi siriri, da kuma karkatar da hanyar abinci ta tsallake wani sashe na tumbi da hanji.

Dalilin wannan faɗuwa shi ne matsalolin da ke bayyana bayan shekaru. Zoben kan zame daga wurinsa ya toshe hanyar abinci. Yakan ci bangon tumbi ya kutsa ciki. Bututun kan tsage, ma'ajiyar kan juye ko ta kamu da ƙwayoyin cuta, hanyar abinci kuma kan buɗe fiye da kima saboda yawan cushewa. Wani bincike da likita Jacques Himpens da abokan aikinsa na Beljiyam suka wallafa a 2011 ya bi waɗanda suka shekara 12 ko fiye da zobe, ya tarar an cire wa kusan rabinsu. A ɗaya ɓangaren, likita Paul O'Brien na birnin Malbon a Ostareliya ya wallafa a 2013 cewa majinyatansa sun riƙe raguwar kusan rabin nauyin da ya yi musu yawa har tsawon shekara 15. Abin da cibiyarsa ta shahara da shi shi ne bibiyar majinyaci a kai a kai. Wannan ya nuna cewa nasarar zobe tana tafiya ne tare da kulawar da ke biyo bayan dasa shi.

4.0 Hukuncin Aikin a Shari'a

Asalin neman magani halal ne. Hadisin Usamatu ɗan Sharik, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, ya zo da umarnin Annabi (SAW) na a nemi magani. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na bakwai a Jidda a 1992, ta yi bayanin cewa hukuncin magani yana sauyawa da halin mutum: yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko lalacewar gaɓa, ya zama mustahabbi idan barinsa zai raunana jiki kawai, ya zama makaruhi idan ana tsoron ya jawo abin da ya fi cutar muni.

Shubuhar da aka fi kawowa ita ce ta sauya halittar Allah, wadda aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta lissafa cikin abin da Shaiɗan ke umartar mabiyansa da shi. Malamai sun bambanta sauyin da ake yi don neman ƙarin kyau da wanda ake yi don kawar da cuta ko aibi. Hujjarsu ta haɗa da labarin Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka yanke masa hanci a yaƙin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya. A nan an dasa baƙon abu a jiki don magani, kuma shari'a ta tabbatar da shi.

A zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a 2007, Majalisar ta fitar da ƙuduri mai lamba 173 game da tiyatar gyaran jiki. A cikinsa ta halatta rage nauyi ta hanyoyin ilimi da aka amince da su, har da tiyata, bisa sharuɗɗa uku: nauyin ya kai matsayin cuta, babu wata hanya sai tiyatar, kuma an aminta daga cutarwa. Shaihu Muhammad ɗan Muhammad al-Mukhtar ash-Shanƙiɗi, a littafinsa Ahkamul Jirahatiɗ Ɗibbiyya, ya kawo sharuɗɗa makusanta waɗannan, ya haɗa da izinin majinyaci, da ƙwarewar likita, da rinjayen zaton samun nasara.

Daga nan za a fahimci cewa wadda take son zobe don ta koma siririya kamar 'yan fim, alhali lafiyarta ƙalau, ba ta cika sharaɗi na farko ba. Wanda bai taɓa jarraba gyara cimarsa da motsa jiki a ƙarƙashin kulawar likita ba, bai cika na biyu ba. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba, wanda ya koyar da kasa ciki kashi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, shi ne matakin farko, tare da hanin almubazzaranci a ci da sha da ya zo a aya ta 31 a Suratul A'araf. Sai dai bai dace malami ya mayar da wannan hadisi abin gori ga majinyaci ba. Matsananciyar ƙiba tana da alaƙa da gado da sinadaran jiki da wasu magunguna, kuma da yawa daga masu ita sun yi iyakar ƙoƙarinsu nauyin ya dawo. Akwai kuma alluran rage ƙiba irin su Wegovy, da Amurka ta amince da ita a 2021, waɗanda ya kamata a tambayi likita a kansu kafin a kai ga wuƙa, ko da yake suna da tsada kuma nauyi kan dawo idan an daina.

Akwai wani kuskure da ya kamata ɗalibi ya kiyaye. Ƙa'idar zaɓen mafi sauƙin cuta biyu tana iya sa mutum ya yi gaggawar fifita zobe a kan sauran hanyoyin, tunda shi ba a yanke gaɓa kuma ana iya cire shi. Gaskiya ne haɗarinsa a ranar tiyata ya fi ƙanƙanta. Amma idan aka haɗa da yiwuwar komawa tiyata ta biyu da ta uku, ma'aunin na iya juyawa. Imamu Shaɗibi ya tabbatar a cikin al-Muwafaƙat cewa duba makomar ayyuka abin lura ne a shari'a. Tantance hanyar da ta fi sauƙin cuta ga wani mutum aikin ƙwararren likita amintacce ne, aikin malami kuma shi ne ya tabbatar an yi wannan tantancewa da idon da ke hangen shekaru.

5.0 Sharaɗin Amintuwa Daga Cuta a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna kudancin Jihar Katsina, a shiyyar Funtuwa, kuma mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ƙasa ce ta noman masara da dawa da auduga, wadda ta yi iyaka da dazukan Zamfara da na Birnin Gwari. Shekaru da dama ke nan tana fama da 'yan bindiga. A daren 11 ga Disamba, 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku.

Alaƙar wannan da mas'alarmu a fili take. Mai zobe yana buƙatar a fara daidaita masa shi bayan mako huɗu zuwa shida, sannan a maimaita sau da yawa a shekarar farko, sannan a riƙa duba shi duk shekara. Ana yin wannan da allura ta musamman wadda ba ta lalata ma'ajiyar, a hannun wanda ya koyi aikin. Idan zoben ya zame, mutum kan wayi gari ko ruwa ba ya wucewa, amai ya ƙi tsayawa. A irin wannan hali ana buƙatar a zuƙe ruwan zoben cikin gaggawa, wani lokaci a shiga tiyata, domin jinkiri na iya sa jini ya yanke wa wani sashe na tumbi ya mutu. Mutumin Sabuwa sai ya bi ta Dandume ya iso Funtuwa, sannan ya kama hanyar Zariya kafin ya kai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Idan abin ya faru da tsakar dare, a lokacin da direbobi ke tsoron hanya, likitan da ya dasa zoben kuma yana Alƙahira, to ina amintuwa daga cutar da Majalisa ta sharɗanta?

Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya gargaɗi mai fatawa a cikin al-Furuƙ da cewa idan baƙo daga wata ƙasa ya zo masa da tambaya, ya binciki halin garin baƙon, kada ya ɗora shi a kan abin da aka saba a nasa garin. Maganarsa ta fi shafar al'adu da lafuzza, amma hikimarta ta game wannan babi. Shi ne kuma abin da Shaɗibi ya kira tahƙiƙul manaɗi na musamman, wato duba ko dalilin hukunci ya tabbata a kan wannan mutum shi kaɗai. Don haka kafin malami ya ce ya halatta, ya kamata ya tambayi mai tambaya: wa zai riƙa daidaita maka zoben bayan ka dawo? Awa nawa ne tsakaninka da shi? Ka tanadi kuɗin bibiya da na tiyata ta biyu idan ta kama? Wanda ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin aiki, ya dawo ba shi da na mota zuwa asibiti, ya jefa kansa cikin abin da aya ta 195 a Suratul Baƙara ta yi hani a kansa, ya kuma tauye ciyar da iyali wadda take wajibi. Wanda kuwa yake da mazauni a Kano ko Kaduna ko Abuja, da likita tsayayye da ya karɓi amanar bibiyarsa, hukuncinsa daban ne ko da asalinsa ɗan Faskari ne.

6.0 Rayuwa da Zobe: Abinci da Ibada

Bayan tiyata ana fara wa mutum da ruwa-ruwa kamar romo da kunu marar kauri, sannan abinci mai laushi, kafin ya koma ga mai tauri bayan wasu makonni. Daga nan har abada sai ƙaramar loma, da tauna mai yawa, da raba ci da sha. Busasshen nama irin kilishi da tsire da soyayyen naman layya, da burodi da gurasa, suna cikin abin da ya fi maƙalewa. Fura mai sukari da kunun zaƙi da lemon kwalba kuwa wucewa suke yi ba tare da zoben ya tare su ba, har mutum ya mayar da nauyinsa yana mamaki. A al'adar da ake cin tuwo a kwano ɗaya, ake kuma ganin ƙin cinye abincin mai gida a matsayin raini, ya kamata iyali su san halin da ake ciki, don kada a matsa masa, kada kuma a bi ramarsa da zargin wata cuta ko sihiri.

Game da azumi, likitoci sukan hana shi a watannin farko saboda tsoron bushewar jiki, tunda mai zobe ba ya iya kwankwaɗar ruwa mai yawa lokaci guda. Wannan uzuri ne na rashin lafiya da ayoyi na 184 da 185 a Suratul Baƙara suka yi rangwame a kansa, kuma ramuwa ce ke kansa idan ya warware. Idan ya fara azumi, ya buɗe baki da ruwa kaɗan-kaɗan, ya jinkirta abinci mai tauri, ya rarraba cinsa tsakanin magariba da sahur. Ruwan da ake ƙara wa zobe yana tsayawa ne a cikin zoben, ba ya shiga tumbi kuma ba ya ciyarwa, don haka ya yi kama da alluran da Majalisa ta ce ba sa karya azumi a zamanta na goma a Jidda a 1997. Sai dai likita kan ba mutum ruwa ya sha nan take don ya gwada matsin, wannan shan kuwa yana karya azumi. Abin da ya fi shi ne a tsara daidaitawar kafin Ramadan ko bayan faɗuwar rana.

Dawowar abinci baki abu ne da masu zobe suka saba da shi. A mazhabar Malikiyya amai ba ya warware alwala. Mukhtasar na Shaihu Khalil ya lissafa aman da bai sauya daga kamannin abinci ba cikin abubuwa masu tsarki, kuma mafi yawan abin da ke dawowa daga ɗan aljihun da ke saman zobe irin wannan ne. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta bayyana cewa wanda amai ya rinjaye shi a Ramadan babu ramuwa a kansa, wanda kuwa ya jawo shi da kansa sai ya rama. Ya kiyaye kada ya mayar da abin da ya riga ya iso bakinsa.

Izinin tiyata haƙƙin majinyaci ne baligi mai hankali, namiji ko mace. Yana da kyau mace ta yi shawara da mijinta, musamman da yake likitoci na neman a jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18 bayan aikin, amma ba ya halatta miji ya tilasta mata don son wata sura. Wajen zaɓen likita ana gabatar da mace ga mace idan an sami ƙwararriya, in ba a samu ba namiji amintacce ya yi, a buɗe gwargwadon buƙata ba tare da keɓewa ba, kamar yadda Majalisa ta tsara a Burunai a 1993. Idan mai zobe ya rasu, ana binne shi da abinsa, domin alfarmar gawar Musulmi kamar alfarmarsa ce yana raye, kuma babu wata maslaha a tsaga cikinsa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa tiyatar zoben tumbi magani ce da shari'a ta halatta ga wanda ƙibarsa ta zama cuta, ya jarraba hanyoyi masu sauƙi ba su yi ba, kuma zato ya rinjaya cewa amfaninta ya fi cutarta. An ga kuma cewa sharaɗi na ƙarshe yana rataye da abin da zai biyo bayan aikin: kusancin likita, da amincin hanya, da ƙarfin aljihu. Ga mazaunin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa da bai mallaki waɗannan ba, abin da ya fi kusa da ƙa'idojin shari'a shi ne a hana shi zoben, a mayar da shi ga likita ya duba masa wata hanya da ta dace da halinsa. Ana shawartar malaman yankin da kada su yanke hukunci a irin wannan mas'ala sai sun ji ta bakin likita, su kuma yi amfani da mumbari wajen gyara fahimtar jama'a game da ƙiba tun kafin ta kai ga wuƙa. Allah Shi ne Mafi sani.